Volkmar da Injin Kwaɓa Siminti

A cikinmu masu baƙaƙen kaya, masoya kiɗan duhu na garin Gelsenkirchen, babu wanda bai san Volkmar Pietrowski ba, har waɗanda ba su so saninsa ba. Shekararsa hamsin da bakwai, dogo ne mai tumbi. Ya aske gefen kansa biyu ya bar tsakiya, tsakiyar kuma ta aske kanta da kanta. Daga Litinin zuwa Juma'a katifa da filo yake sayarwa a wani shago kusa da tashar jirgi, yana tausasa murya yana tambayar tsofaffi ta wane gefe suka fi jin daɗin kwanciya. Ranar Asabar kuwa sai ya ɗaura takalman soja, ya ja kwalli, ya koma shugaban ƙungiyar kiɗa mai suna Makabartar Injuna.

Ƙungiyar mutum biyu ce. Volkmar ne mai ihu da dukan ƙarfe. Mai na'urori shi ne Ekkehard, abokinsa tun makaranta, wanda kowa ke kira Ekki, ɗan siriri mai gilashi da magana ke yi wa wuya. Sana'arsa gyara wa masu ciwon kunne na'urar ji. Shi ya sa ake tsokanarsu cewa Volkmar ke kurmantar da mutane ranar Asabar, Ekki ya karɓe su ranar Litinin. Shekara talatin da huɗu suna tare.

Kiɗan namu na duhu ne: ganga ta lantarki mai duka kamar guduma, murya kamar ana shaƙe mutum a cikin bututu, waƙar kuma ba ta wuce mutuwa da tsatsa da lalacewar duniya. Muna son abinmu ba kunya, gwiwoyinmu ne dai suka fara kai ƙara.

A watan Yuli, Wiebke, matar da ke shirya bikin kiɗan da ake yi duk shekara a tsohuwar mahaƙar kwal, ta kira Volkmar a waya. Wata ƙungiya daga Beljiyam ta janye, za a yi wa mawaƙinsu tiyata a ƙugu. Akwai gurbin minti ashirin da biyar, ranar Asabar ta sama, ƙarfe uku na rana.

Da yamma Volkmar ya tarar da Ekki a bakin kiyos ɗin unguwa yana shan kofi a tsaye.

"Ƙarfe uku na rana?" in ji Ekki. "Ai lokacin mutane na neman inda za su ajiye mota."

"Lokacin za a kafa tarihi. Kai ka ga yaran yanzu? Mutum ya hau dandamali da kwamfuta kamar zai rubuta wa hukuma wasiƙa, ya danna maɓalli ɗaya, ya ɗaga hannu. Wai kiɗan masana'anta! Ni ƙarfe na gaske zan kai musu. Injin kwaɓa siminti, Ekki. Da sarƙoƙi da notina a cikinsa. Duro uku, fallen ƙarfe biyu. Sai haƙoran roba sun zubo a filin nan."

Ekki ya juya kofinsa a hannu. "Folli," ya ce, don haka yake kiransa tun makaranta, "daga wannan na ajiye."

"Ka ajiye me?"

"Kiɗan. Ka san 'yata ta haifi tagwaye. Asabar ɗina ta zama tasu. Kuma na gaji da ɗaukar lasifika a kan matakala don mu yi wa mutum goma sha ɗaya wasa, huɗu daga ciki ma'aikatan wurin."

Maganar ta daki Volkmar a inda babu kwalli. Ba tare da Ekki ba, shi wani mai sayar da katifa ne kawai da ke ihu a ɗakin ƙasa. Amma bai nuna ba, sai ya bugi kafaɗar abokin har kofi ya zube.

"Mu je mu dawo tukuna. In ka ga abin da zan yi, tagwayen ma za ka sa a ƙungiyar."

A gida matarsa Gudrun ta saurari shirin har ƙarshe tana fere dankali. Direbar taragon cikin gari ce, kuma ba ta da saurin firgita.

"Ni da nake tuƙa ƙarfe tan arba'in kullum ban taɓa cika wa kowa baki ba," ta ce. "Ba dai a ɗakin ƙasan gidan nan ba. Wancan gwajin naka hoton aurenmu ya faɗo, har yau gilashinsa a tsage yake."

Don haka ya aro injin wajen wan Gudrun, Norbert, magini, ya ja shi zuwa ɗan lambunsu da ke bayan layin dogo, inda kowa ke da 'yar gonarsa da bukkarsa. Ya zuba sarƙoƙi biyu da bokitin notina a ciki, ya ce wa Ekki ya toshe kunne, ya kunna.

Tattabaru arba'in suka tashi lokaci ɗaya daga lambun maƙwabci. Wani kare ya shige ƙarƙashin bukka. Can sai ga kan Herr Grabowski ya ɓullo ta saman shinge. Tsohon mahaƙin kwal ne, shekara tamanin da ɗaya, tattabarun nan su ne ransa.

"Pietrowski! Injinka ya lalace!"

Volkmar ya kashe. "Ba lalacewa ba ce, Herr Grabowski. Waƙa ce."

"Shekara talatin na yi a ƙarƙashin ƙasa. In inji ya yi irin wannan kukan, gudu muke yi."

Fuskar Volkmar ta washe. "Ka ji ko, Ekki? Rubuta. A jikin fosta za mu sa."

"Ka rubuta wannan ma," in ji tsohon. "Ƙarfe ɗaya da kwata yanzu, lokacin hutun rana. Dokar lambu, shafi na biyu. Ni ne mataimakin shugaban kwamiti. In tattabara ɗaya ta ƙi dawowa, kun rasa lambun nan, sai dai matarka ta shuka tumatirinta a baho." Ya ƙare wa injin kallo. "Amma tunda ga inji a hannunka, hanyar ƙofata duk ta farfashe. Buhunan siminti na nan tun bara."

"Ni mawaƙi ne, ba lebura ba."

"Ni kuma mataimakin shugaba ne."

Aka juye sarƙoƙi da notina, aka jira ƙarfe uku ta yi, aka zuba yashi da siminti. Kafin a gama hanyar Grabowski, Frau Özdemir ta lambu na gaba ta leƙo da farantin burodi mai cuku, ta ce ita 'yar matakala ce kawai, ba ta kai a kira ta aiki ba. Bayan ta sai ga wani mai son gindin tutar ƙungiyar ƙwallonsa. Rana ta yi sanyi Volkmar ya zuba hanya ɗaya, matakala uku da gindin tuta, bai rera ko baiti ɗaya ba. Ekki na zaune a kan bokiti yana cin burodi.

"Gwajin ya yi kyau," ya ce. "Karo na farko da maƙwabta suka gode mana."

Volkmar ya so ya ba shi amsa, amma da ya miƙe wani abu ya ce ƙas a gadon bayansa. Da ƙyar ya kai mota. Wanke injin kuwa ya ce sai gobe. Goben ta zama jibi, jibin ta zama ranar biki, guntun simintin da ya rage ya daskare a gefe ɗaya na tukunyar injin kamar dutse.

Ranar Asabar da safe ya ɗaure injin a kan 'yar tirela. Durorin uku da fallayen ƙarfe biyu ya jera su a bakin titi kafin ya sa kaya. Kayan kuwa wandon fata ne da ya saya tun kafin a rushe katangar Berlin. Ya kwanta a gado, Gudrun ta barbaɗa masa hoda a ƙafafu, ta kama zif ɗin da filaya.

"Ja cikinka."

"Na ja."

"To ina sauran za shi?"

Ta fara ɗaura masa ɗamarar ciwon baya tata, mai launin ruwan hoda, ta ce ko ya sa ko ta kira Wiebke ta gaya mata gaskiya. Ana cikin wannan kokawa wata siririyar sarewa ta taso daga titi. Duk ɗan yankinmu na Ruhr ya san wannan sarewar: motar ɗan gwangwan ce. Suka ji ta tsaya. Suka ji ƙarar ƙarfe. Suka ji ta tashi.

Volkmar ya diro daga gado da takalmi ƙafa ɗaya. Wandon bai yarda gwiwa ta lanƙwasa ba, don haka gudun nasa ya zama kamar na almakashi. Tagogi suka buɗe. Tsofaffin layin suka jera filo a ƙarƙashin gwiwar hannu, wasu ma shi ya sayar musu da filon.

"Herr Pietrowski, gobara ce?"

"A'a, fasaha ce!" wani ya amsa daga bene na uku.

A wajen danja ya cim ma motar. Ɗan gwangwan, wani kakkaura mai gashin baki, ya sauke gilashi.

"Kayana ne ka kwasa! Kayan kiɗa ne!"

"Abin da ke bakin titi ranar Asabar nawa ne, maigida." Ya leƙa bayan motar, ya dubi Volkmar tun daga kwalli har safa. "Kayan kiɗa ka ce? To buga in ji."

Volkmar bai taɓa ƙin masu sauraro ba. Ya haye bayan motar, ya ɗauki guntun bututu, ya rafka wa duro, ya saki ihun buɗe waƙarsu mai suna Jana'izar Tanderu. Wata mata mai keke ta sauka ta tsallaka ɗaya gefen titi.

Ɗan gwangwan ya goge ido. "Gara in narkar da su, taimakon jama'a ne. Amma ɗauki duro ɗaya, don ka ba ni dariya."

Haka ya dawo gida yana mirgina duro, layin duka na tafa masa. Ya ɗaga musu hannu. A ganinsa somin taɓi ne.

A ƙofar mahaƙar mai gadi ya dubi tirelar ya ce masu gyara ta ƙofar baya suke shiga. Sai da Ekki ya fito da takardar Wiebke aka bar su. Zafi ranar ya kai digiri talatin da uku. Mu kusan ɗari uku ne a filin, ƙarƙashin tsohuwar hasumiyar ƙarfe, kowa cikin baƙi tun daga wuya har ƙasa, muna narkewa kamar kyandir. Mutanen da suka sha rantsuwa cewa duniya kango ce, ga su da kujerun naɗewa da lema da man kare fata. Layin soseji da soyayyen dankali ya fi gaban dandamali cika.

Mai kula da sauti, wata mai suna Frauke da aka yi wa zanen gizo-gizo a wuya, ta zagaya injin sau biyu.

"Wannan wa ya mantar da shi a nan?"

"Shi ne babban mawaƙinmu," in ji Volkmar.

"To ka ji. Wutar wurin nan tsohuwa ce, layi ɗaya muke da masu soseji da firjin giya. Ko injin nan, ko injin feso hayaƙi a dandamali. Kada ka haɗa su. Ka ji ni?"

"'Yar'uwa, ina kan dandamali tun kina shan nono."

"Shi ya sa na maimaita."

Ƙarfe uku daidai Volkmar ya fito cikin doguwar rigar fata mai jan ƙasa, a rufe har wuya. Kwallin ya riga ya gangaro har kumatu, ya zama kamar wanda ya sha kuka a kan gawayi. Ya kama makirfo.

"Gelsenkirchen! Kun zo jin kiɗa, amma ƙarshen duniya za ku ji!"

"Yi sauri kafin dankalina ya huce!" wani ya ce daga baya.

Ekki ya saki gangar. Volkmar ya rafka wa duro, ya danna maɓallin injin.

Sai a faɗi gaskiya, minti na farko abin ya yi kyau. Sarƙoƙin suka kama juyawa suna faɗuwa daidai kan bugun Ekki, notina na ruwa a tsakani, hasumiyar ƙarfe na mayar da amo. Mutane suka bar layin soseji. Wasu suka tashi daga kujeru, abin da ba ƙaramin yabo ba ne a wajenmu. Volkmar ya waiwaya ya ga Ekki na gyaɗa kai, har da ɗan murmushi. Zuciyarsa ta kumbura ta fi tumbinsa. Ya miƙa hannu ya juye sauran bokitin notina a ciki.

Nan simintin da ya daskare ya nuna kansa. Tukunyar ta yi nauyi gefe ɗaya, duk juyi sai injin ya yi tsalle. Ya yi ɗaya, ya yi biyu, sai ya kama tafiya. A hankali, da rangaji, kamar wanda ya sha ya ƙoshi, ya nufi bakin dandamali.

Volkmar ya bi shi yana ci gaba da waƙa, don kada a gane ba shiri ba ne. Ya sa ƙafa ya tare, injin ya taka shi ya wuce. Ya zagaya ta gaba ya rungume shi. Haƙoran da ke juya tukunyar suka cafki gefen doguwar rigar, suka fara naɗewa. Maɓallan suka tashi ɗaya bayan ɗaya kamar gugguru. Ya yi juyi biyu, rigar ta bar shi, makirfo ya faɗa cikin tukunya. Ƙarar da ta fito daga lasifikokin nan, har yau akwai masu cewa a cikin haƙoransu suka ji ta.

Ga Volkmar tsaye a gaban mutum ɗari uku, daga shi sai wandon fata da singileti da ɗamara ruwan hoda, an rubuta GUDRUN P. a jikinta da alƙalamin wanki.

Dabara ɗaya ta zo masa: ya ɓuya. Ya taka injin hayaƙi da iyakar ƙarfinsa.

"A'a!" in ji Frauke.

Komai ya mutu. Ganga, lasifika, kaskon soseji, firjin giya, har fankar tantin 'yan agaji. Hayaƙin da ya samu fitowa bai fi na taba ba, iska ta ɗauke shi ta kai wa masu dankali. Injin ya tsaya a daidai bakin dandamali, ya yi tunani, ya sunkuya, ya amayar da notina da sarƙa da rabin riga a gaban sahun farko.

Volkmar ya duƙa da sauri zai ciro abin da ya rage na rigar ya rufe jikinsa. A cikin shirun nan kowa ya ji abu biyu. Na farko wandon fata ne, ya yage tun daga baya har gaba. Na biyu bayansa ne, ya kulle. Ya tsaya a duƙe, hannu ɗaya a ƙasa, kai a sunkuye, ya kasa gaba ya kasa baya. Sai ya buɗe baki, ba makirfo, da ainihin muryarsa ta mai sayar da katifa, siririya mai rawa.

"Gudrun! Bayana! Gudrun, zo ki miƙe ni!"

Hasumiyar ta mayar: miƙe ni, miƙe ni.

Daga tsakiyar taro Gudrun ta ɗaga ɗan cokalin katako. "Bari in gama dankalina!"

Filin ya fashe. Na ga ƙattin da rabonsu da murmushi a bainar jama'a tun 1991 suna riƙe ciki, hoda na zuba daga fuskokinsu. Wani ya faɗo daga kujerar naɗewa. Mai soseji kaɗai ne bai yi dariya ba, yana ɗaga ɗanyen soseji sama yana tambayar wa zai ci wannan.

Ekki ne ya fara isa. Ya cire baƙar rigarsa ya ɗaura wa abokinsa a ƙugu, ya dafa shi har 'yan agaji suka kawo gadon ɗaukar marasa lafiya. A gefe suka kwantar da shi, a lanƙwashe yadda yake, don ya ƙi miƙuwa. Da aka ratsa da shi ta cikin taro aka dinga tafi, wasu na kiran sunan Gudrun.

"Ekki," ya ce a hankali, "na kashe mu ko?"

"Shekara talatin da huɗu, yau ne aka saurare mu daga farko har ƙarshe."

"Minti nawa muka yi?"

"Huɗu."

Volkmar ya rufe ido. "To shi ke nan. Ka gaida tagwaye."

Ekki ya yi tafiya kaɗan a gefen gadon. Sannan ya gyara gilashi. "Minti na farkon nan fa, ban taɓa jin irinsa ba. Asabar ɗaya a wata zan iya. Amma ni zan wanke injin."

"Na san za ka dawo. Duk cikin shirin ne."

"Rufe bakinka, Folli, bayanka a waje yake."

Sati uku Volkmar ya yi a kwance. Kafin ya tashi, wasu 'yan Leipzig, irin masu danna kwamfutar nan da ya raina, sun samu bidiyon abin a waya, sun yanko kukan nasa sun ɗora a kan ganga mai nauyi. Kafin kaka ta shigo babu wurin rawar masu baƙaƙen kaya da ba a sa shi, daga Hamburg har Antwerp. Mutane ɗari biyar su ɗaga hannu su amsa tare: zo ki miƙe ni! Volkmar ya gaya wa duk wanda ya shigo sayen katifa cewa shekara biyu ya yi yana tsara wannan baitin.

Wata Asabar a watan Oktoba suna kasuwar mako, shi riƙe da jakar kabeji, sai ga wasu mata biyu cikin baƙaƙen kaya da takalman soja sun tsaya cak suna kallonsu. Ɗaya ta dafe ƙirji. Volkmar ya ajiye jakar, ya ja ciki, ya zaro biro daga aljihu.

"Don Allah," in ji matar, "ke ce Gudrun ɗin?"

Gudrun ta ce ita ce. Matar ta karɓi biron daga hannun Volkmar ta miƙa mata, ta juya baya a sa mata hannu a jikin riga. Ɗayar kuma ta danƙa masa wayarta.

"Baba, ɗan ja baya ka ɗauke mu. Ka kula kada yatsanka ya fito."